Ɗana ba ya jin magana sai da bulala, ta ina zan fara gyara?

"Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara huɗu, shi ne na fari, sai ƙanwarsa mai wata takwas. Tun da aka haife ta ya canza min. Duk abin da na ce sai ya ce a'a, idan kuwa na karɓe wayata daga hannunsa sai ya zube ƙasa yana birgima yana ihu har maƙwabta su leƙo. Nakan dake shi ya yi shiru, bayan awa guda ya koma ruwa. Surukata tana gidan, da na hana shi abu sai ta kira shi ta ba shi. Babansa ba ya shigowa sai bayan isha'i. Ina so ya tashi da tarbiyya, ya san abin da ya kamata, amma ba na so in mayar da shi matsoraci. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Idan na fahimce ki, abu uku kike tambaya: me ya canza yaron, me ya sa dukan ba ya ɗorewa, kuma yaya za ki kafa doka a gidan da ba ke kaɗai ke da ta cewa ba. Abin da nake gani a aikina da iyayen ƙananan yara shi ne, yaro mai irin waɗannan shekarun yakan maimaita abin da ke biya masa buƙata, ya watsar da wanda ba ya biya. Birgimar nan tana kawo masa riba ta wata hanya. Aikinmu shi ne mu gano ribar, mu toshe ta, mu buɗe masa wata ƙofar.

Amma a fara sanin wanda ake magana a kansa. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya danne zuciyarsa ya yi haƙuri, ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin. Ɗan shekara huɗu ya iya magana, ya iya gardama, shi ya sa muke yi masa kallon mai hankali, alhali idan ransa ya ɓaci ba shi da birkin tsayar da kansa. Ga kuma ƙanwa. Shekara uku da 'yan watanni shi kaɗai ke da cinyarki da bayanki, rana ɗaya aka wayi gari wata ta karɓe, 'yan barka suna ta shigowa ba mai kallonsa. Yara da yawa a wannan hali sukan koma baya: fitsarin kwance ya dawo, su koma maganar jarirai, su ce sai an goya su. Yaron ya lura cewa idan yana zaune lafiya ba ki ganinsa, idan ya fasa ihu kuwa kina ajiye jaririyar ki taso. Ko da faɗa kika taso, kin dai taso.

Fara da barci da ciki

Kafin a taɓa maganar horo, ki duba abu biyu da ke haddasa rigima fiye da yadda ake zato. Na farko barci. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kowace rana, har da na rana. Yi lissafi: idan yana tashi ƙarfe shida da rabi don makaranta, kuma ba ya barcin rana, ya kamata ƙarfe takwas ta yi masa a kan shimfiɗa. Kin ce babansa sai bayan isha'i yake shigowa, saboda haka ina kyautata zaton yaron yana kaiwa goma ko sha ɗaya idonsa biyu. Babba idan barci bai ishe shi ba sai ya yi laushi, yaro kuwa sai ya ƙara rawar kai da saurin kuka. Ko dai a matso da lokacin kwanciyarsa, da minti goma sha biyar kowane kwana biyu har a kai inda ake so, ko a tabbatar yana samun awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan azahar.

Na biyu yunwa. Cikinsa ƙarami ne, ba zai iya jira daga kokon safe har tuwon rana ba. Abinci sau uku, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, kamar ayaba, dafaffen ƙwai, ƙosai ko kunun gyaɗa.

Sai ki sami takarda ki yi kwana uku kina rubuta duk birgimar da ya yi: ƙarfe nawa ne, me ya faru kafin ta, me kika yi, da me ta ƙare. Yawancin iyayen da suka yi wannan sukan ga abin yana taruwa a lokaci biyu ko uku, galibi dab da abincin rana, da magariba, da lokacin da ake shayar da jariri. Layin ƙarshe, wato da me ta ƙare, shi ne zai nuna miki ribar da nake faɗa.

Waya

Ga yadda abin ke ƙulluwa. Kin karɓe waya, ya yi kuka, kin jure minti biyar, jaririya ta farka, kin gaji, kin miƙa masa. Ko kuma kakarsa ta miƙa masa tata. Darasin da ya ɗauka shi ne kukan minti biyar yana sayen waya. Gobe kika jure minti goma sannan kika ba shi, kin koya masa kukan minti goma. Mafi muni shi ne a hana sau tara a bayar sau ɗaya, domin a nan ne yake koyon naci, tunda bai san wane kukan ne zai ci ba. Gara ki ba shi tun farko da fara'a, idan kin san yau ba ki da ƙarfin tsayawa, da ki ce a'a sannan ihu ya sa ki janye.

Wannan ƙa'idar ta 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, ƙasa da haka ya fi, jaririn da bai shekara ba kuwa kada a ba shi sam, don haka ƙanwar tasa ba ta cikin lissafi. Ni a nawa ganin minti talatin a tsayayyen lokaci, misali bayan la'asar, ya fi sauƙin riƙewa. Ki sanar da shi dokar da safe, lokacin da yake cikin nishaɗi, ba lokacin da ake tsakiyar rikici ba. Ki zaɓi abin da zai kalla da kanki, ki sauke shi a wayar ki kashe data, don kada wani bidiyon ya riƙa jawo wani. Ki saita ƙararrawa, saura minti biyar ki gaya masa, idan ta buga ki ce lokaci ya yi, ya miƙo da kansa. Idan ya miƙo ki yaba masa nan take. Idan ya ƙi ki karɓa ba tare da fizga ko dogon bayani ba, ki ajiye inda ba ya gani. Ban da waya lokacin cin abinci, ban da ita awa ɗaya kafin barci. Kuma ki tanadi abin da zai koma kai, domin yaron da aka raba da waya aka bar shi hannu rabbana zai dawo kanki ne: ƙwallo, gwangwanaye da murafe, takarda da fensir mai launi, ko fita wasa da yaran gida. Masu shekarunsa suna buƙatar kamar awa uku na motsa jiki a yini.

Ki sani tun yanzu cewa abin zai ƙara tsanani kafin ya lafa. Kwanakin farko zai yi ihun da bai taɓa yi ba, saboda makullin da ya saba buɗe ƙofa da shi ya daina aiki, yana ƙara murɗawa. A nan mafi yawan iyaye ke karaya su ce hanyar ba ta yi ba. Idan an tsaya, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu ake ganin sauƙi. Kada ki fara a makon biki ko lokacin da wani ba shi da lafiya a gidan.

Idan ya zube yana birgima, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, murhu, wuƙa, ruwan zafi. Ki faɗi magana ɗaya: "Na san ranka ya ɓaci, kana son waya. An gama ta yau." Daga nan ki yi shiru, ki ci gaba da aikinki kusa da shi. Kada ki yi wa'azi, mai ihu ba ya ji. Idan ya kai miki duka ko ya nufi jaririyar, ki riƙe hannuwansa da ƙarfi amma ba da mugunta ba, ki ce ba a duka. Da ya lafa ki jawo shi jikinki, ki ba shi ruwa, a wuce wurin. Rarrashi bayan ya yi shiru ba shagwaɓawa ba ce. Shagwaɓawa ita ce ba shi wayar.

Maganar duka

Kin riga kin ba kanki amsa da kika ce yana yin shiru, bayan awa guda ya koma. Duka yana tsayar da abu a lokacin saboda tsoro, amma ba ya koya wa yaro abin da zai yi a madadinsa. Kuma jiki yana sabawa: marin da ya isa bana ba zai isa baɗi ba, sai an ƙara, har a kai ga bulalar da ke barin shaida. A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken kusan shekara hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, suka ga yaran da ake duka sun fi nuna faɗa da taurin kai da damuwar zuciya, ba su kuma fi sauran biyayya ba. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su bar duka da tsawa mai wulaƙantarwa. Za a ce ai mu ma an dake mu kuma ga mu. Gaskiya ne, ba duk wanda aka daka ke lalacewa ba. Sai dai mu tambayi kanmu, dukan ne ya gyara mu, ko kuwa kulawar da ke tare da shi? Abin da na fi gani ga yaron da ake yawan duka shi ne ya ƙware a ƙarya da ɓoye laifi, kuma ya sauke nasa a kan wanda bai kai shi ƙarfi ba. A gidanki, wannan ita ce jaririyar.

Ta fuskar addini ma, Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Hadisin da ake yawan kafa hujja da shi kuwa, na salla, cewa ya yi a umarce su suna da shekara bakwai, ba a ambaci duka ba sai a shekara goma. Shekara uku ke nan ana koyarwa, a kan salla ma. Ina ga ɗan shekara huɗu da ya zubar da miya?

Barin duka ba sakin yaro ba ne. Dokoki za ki rage, ki tsananta riƙonsu. Zaɓi uku kacal a yanzu, misali ba a duka, waya sai lokacinta, ana kwanciya ƙarfe takwas. Sauran ƙananan abubuwa, ɓata riga, surutu, ƙin gaishe da baƙo da sauri, ki kau da kai tukuna. Uwar da ke cewa bari sau hamsin a yini, maganarta takan zama kamar ƙarar injin niƙan maƙwabta, ana ji ba a saurare.

Yadda ake ba da umarni ma yana da tasiri. Kada ki ƙwala masa kira daga kicin. Ki je kusa, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki kira sunansa, ki faɗi abu ɗaya. Ki faɗi abin da zai yi, "sauko ƙasa", maimakon "ka daina hauka". Ki ƙirga biyar a zuci. Idan bai yi ba, gargaɗi ɗaya tare da abin da zai biyo baya, sannan ki aiwatar. Hukuncin ya zama ƙarami, nan take, kuma mai alaƙa da laifin: ya yi jifa da mota, motar ta tafi sai gobe, ya zubar da ruwa da gangan, ga tsumma ya goge. Idan ya yi duka, ya zauna a gefe guda inda kike ganinsa na minti huɗu, wato minti ɗaya kowace shekara, ba a ɗaki mai duhu ba, ba a kulle ba. Idan ya tashi ki mayar da shi ba magana. Ranar farko kina iya mayar da shi sau goma. Inda kuma babu haɗari, ki ba shi zaɓi biyu waɗanda duk kin yarda da su: shuɗiyar riga ko fara, wanka kafin abinci ko bayansa. Yawancin a'ar da yake cewa neman a san shi ma mutum ne.

Ki kiyayi barazanar da ba za ki cika ba, da alkawarin ƙarya. Dodo zai kama ka, zan kai ka a yi maka allura, yi shiru zan sayo maka alewa. Na allurar ma illa biyu gare shi, don ranar rigakafi ke za ki sha wahala. Akwai hadisin Abdullahi ɗan Amir, wanda mahaifiyarsa ta kira shi ta ce zo in ba ka, Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya.

Minti goma nasa shi kaɗai

Wannan shi ne abin da iyaye suka fi rainawa, kuma shi ya fi saurin canza yaro mai kishin ƙani. Kowace rana, idan jaririyar ta yi barci, ki ba shi minti goma. Shi zai zaɓi wasan. Ba koyar da ABC, ba gyara, ba waya a hannunki. Ki riƙa faɗin abin da yake yi kawai: "Ka jera gwangwani uku, ga na huɗu." Kada ki soke wannan lokacin don ya yi laifi da safe, ba lada ba ne, abinci ne.

Na san shi ɗan fari ne, kuma a al'adarmu akwai alkunya, musamman a gaban suruka. Wata uwar ko sunansa ba ta faɗa, balle ta rungume shi a tsakar gida. Ban ce ki yar da kunya ba. Amma yaro bai san alkunya ba, abin da ya gani shi ne ana sumbatar ƙanwarsa shi ana kau da kai. A cikin ɗakinki babu mai ganinki, ki ɗora shi a cinya, ki gaya masa kina son sa. Yabo ma haka, ki ambaci ainihin abin da ya yi: "Ka miƙo wayar da ƙararrawa ta buga, Allah ya yi maka albarka." Ki yi ƙoƙari yabon da yake ji a yini ya rinjayi faɗan da yake sha. Sannan ki bar cewa "kai ne babba, ka haƙura" a kowane lokaci, kuma kada ki riƙa ɗora wa jaririyar laifin rashin lokacinki. Maimakon "ba ka ga ina ba ta nono ba", ki ce "ɗauko littafinka ka zauna nan kusa da ni."

Sanin ya kamata da kike nema masa kuwa, da aiki ake koyonsa. Ɗan shekara huɗu zai iya kai kwanonsa wurin wanke-wanke, ya ajiye takalmansa a wuri ɗaya, ya kwashe kayan wasansa cikin kwando, ya watsa wa kaji tsaba, ya miƙo miki zanen goyo, ya wanke hannu da sabulu kafin abinci. Ki fara da biyu. Ki yi yana kallo, ku yi tare na wasu kwanaki, sannan ya yi kina kallo. Ki haɗa kowane aiki da abin da aka saba, kwano bayan cin abinci, takalma da an shigo, don kada sai an tuna masa. Inda abin ke lalacewa guda uku ne: uwa ta ga yana ɓata mata lokaci ta karɓe ta yi, ko ta sake aikin a gabansa, ko a fara biyansa kuɗi har ya zama ba ya ɗaga tsinke sai da naira. Kuma kada a bar masa tsaron jaririya, ko aike tsallaken titi, ko ɗauko abu daga kan wuta. Waɗannan sun fi ƙarfinsa komai wayonsa.

Kaka da Baba

Kada ki yi jayayya da surukarki a gaban yaron, kuma kada ki sa ran za ta zama ke. Kaka da jika akwai wasa da sassauci, yara kuma suna iya gane cewa dokar ɗakin Hajiya daban da ta ɗakin Umma. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ki hana abu yanzu, a ba shi yanzu. Wannan maganar ɗanta ne ya fi dacewa ya kai mata, cikin ladabi, kuma a roƙi abu ɗaya tak: idan yana kukan waya, kada a ba shi waya. A faɗa mata dalilin, barcinsa da lafiyarsa, a gargaɗe ta cewa kukan zai ƙaru na 'yan kwanaki. Sai a ba ta nata aikin, domin wadda aka ce ta cire hannu kawai za ta ji an raina ta. Ita ce mai tatsuniyar dare, ita ce mai koya masa addu'ar barci da gaisuwa, ita ce mai rarrashi idan guguwar ta wuce.

Babansa kuma kada a mayar da shi dodo. "Bari babanka ya dawo" yana rage miki kwarjini, kuma hukuncin da ya zo bayan awa shida yaro ba ya haɗa shi da laifin. Idan dare ba ya ba su damar haɗuwa, a koma safe: su karya tare, ya raka shi makaranta, ko ya tafi da shi masallaci ranar Juma'a.

Ban ga yaron ba, bayaninki kawai na karanta, don haka ga alamun da idan akwai su za ki kai shi asibiti wurin likitan yara maimakon ki tsaya kan wannan shawarar. Idan birgimar tana wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin kusan kullum, sau da yawa a yini. Idan yana buga kansa da bango ko cizon kansa har ya ji ciwo. Idan baƙo ba ya gane yawancin maganarsa, ko ba ya haɗa jimla, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi daga baya, ko kunnensa yana zubar da ruwa, don wani "rashin jin" na kunne ne da gaske. Idan ba ya haɗa ido da mutane, ba ya wasa da yara, ko ya manta abin da ya riga ya iya. Idan yana shiɗewa in ya yi kuka, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko yana cin ƙasa, a duba jininsa. Haka nan idan kin yi wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kina bin tsarin nan sosai ba wani canji.

Ke ma ki duba kanki. Mai jaririya 'yar wata takwas ba ta samun isasshen barci, kuma yawancin dukan da ake yi wa yara gajiyar uwa ce ke sauka. Idan kin ji hannunki zai tashi, ki ajiye jaririyar a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida, ki yi a'uziyya, ki sha ruwa ko ki yi alwala, sannan ki dawo. Idan kuwa kin yi sama da mako biyu kina cikin ƙunci, kuka ba dalili, ba kya jin daɗin komai, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar da kika kai ƙanwarsa rigakafin wata tara. Damuwar bayan haihuwa ciwo ce da ake magani.

A makon farko kada ki ɗauki komai da komai lokaci ɗaya. Ki gyara lokacin barci, ki fara minti goman nan, ki cika takardar kwana uku. Dokar waya ta shigo a mako na biyu, bayan babansa ya zauna da Hajiya.